Gudun ambaliya, gamo da girgiza: littafin aikin wani dandamali a Akra

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Yau aka ajiye mini fayil ɗin a tebur. Wani asibiti ne mai zaman kansa a yammacin Akra, garin da dattawan zango har gobe Ankara suke ce masa, yake so a ɗaga janaretocinsa biyu daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa yin damina a nan ba sai an yi masa bayani ba. Mutanen garin ba su manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, da ruwa ya shanye unguwar Circle, gidan mai ya kama da wuta, aka rasa rayuka kimanin 150. Shi kuma filin asibitin a kwari yake, damina biyu a jere ruwa yana shiga ɗakin injin har gwiwa. Ga dumsor, ɗauke wutar nan da ba ta sallama. Janareto a asibiti ba kayan ado ba ne, da shi ɗakin tiyata yake numfashi.

Abin da suke so shi ne dandamalin ƙarfe mai tsayin mita 4, tsawo mita 9, faɗi mita 6, a kan ginshiƙai takwas. A samansa janareto biyu, tankin man dizal na lita 5,000, da allon rarraba wuta.

Nauyi da iska ba su dame ni ba, girgizar ƙasa ce ta kawo aikin wurina. A Zariya inda na yi karatu, kamar labarin wata duniya muke jin darasin girgiza. Ko motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018 bai wuce hirar teburin mai shayi ba a wurin yawancinmu. Nan kuwa ƙasa tana da tarihi. Ranar 22 ga Yunin 1939 girgiza mai ƙarfin kusan maki 6.5 ta kashe mutum 17 a Akra, kuma tun a 1862 wata ta lalata fadar Christiansborg da ke Osu. Tsagar Akwapim da tsagar bakin teku suna haɗuwa ne a kudu maso yammacin garin, ta wajen Weija, filinmu kuma ba shi da nisa da can. Ina zaune a ofis ranar 12 ga Disambar 2022 lokacin da kujerata ta motsa da kanta. Tun daga ranar na daina yi wa batun dariya.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Yarjejeniyar aikin ta ce a bi ASCE 7-16, ƙa'idar Amurka, saboda masu ba da kuɗin haka suka gindaya. Wani dattijon injiniya ɗan Ghana ne zai duba lissafina, ya kuma auna shi da ƙa'idar gini ta ƙasar, GS 1207 ta 2018, kafin ya sa hatiminsa.

Matsala ta farko: taswirorin da ke cikin ASCE 7 na Amurka ne da yankunanta, babu Ghana a ciki. Dole sai an yi wa filin nasa binciken.

Kafin rahoton ya iso, yaron da ke yi wa ƙasa hidima a ofishinmu, ɗan zangon Kumasi ne mai ƙwazo, ya kawo mini takarda yana murmushi. "Oga, na rage maka aiki." Ya ga 0.2g a cikin takardun asibitin, sai ya ɗauke ta ya zuba a gurbin SDS. Na zaunar da shi. Wannan 0.2 ɗin ƙololuwar fizgar da ƙasa kanta take yi ce a kan dutse, a girgizar da ake sa ran dawowarta duk shekara 475, irin ma'aunin da Eurocode 8, ƙa'idar girgiza ta Turai, yake aiki da shi. SDS kuwa abin da gini mai gajeren lilo yake ji ne, bayan ƙasar wurin ta ƙara masa gishiri, kuma kashi biyu cikin uku ne na wata girgiza mafi girma, wadda ake danganta ta da kusan shekara 2,475. Dukansu da harafin g, ma'aunin ƙarfin janyowar ƙasa, ake rubuta su, shi ya sa suke yaudara. Gini yakan ji kusan ninki biyu da rabi na abin da ƙasa ta yi. Da mun tafi a kan takardarsa, da mun gina abin da bai kai rabin ƙarfin da ake bukata ba.

Ban yi masa faɗa ba. Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan, sai dai ni ba wanda ya gani.

Talata, 20 ga Fabrairu

Rahoton ƙasa ya iso. Gudun igiyar girgiza a mita 30 na sama ya kama mita 290 a daƙiƙa, wato ajin D, wanda ya tashi daga 180 zuwa 360. Sun ba mu Ss na 0.60, wato fizgar da babbar girgizar nan za ta yi wa gini mai gajeren lilo a kan dutse. A jadawalin ƙa'idar, ƙasa ajin D tana ninka wannan da 1.32, ya zama 0.79, kashi biyu cikin ukunsa 0.53. SDS ɗinmu ke nan.

Tunda wutar gaggawa ta asibiti ce a kai, dandamalin ya shiga rukunin haɗari na huɗu, lambar muhimmancinsa 1.5, rukunin zanen girgizarsa kuma D. Babu sassauci a wannan rukunin.

Dandamali ba gida ba ne, don haka Babi na 15 ne gidansa, inda ake maganar gine-ginen da ba na zama ba. Amma ƙirarsa irin ta gida ce, ginshiƙi da bim da gicciye (sandunan ƙarfen da ake gicciyawa tsakanin ginshiƙai), sai ya faɗa jadawali 15.4-1. Na zaɓi firam na gicciyen ƙarfe na gama-gari, mai R na 3.25. A rukunin D ba a yarda ya wuce ƙafa 35 ba, kusan mita 10.7, mu kuwa muna mita 4.

Na yi wa yaron bayanin R da harshen kasuwa, na ga ya zauna masa. Ragi ne. Ƙa'ida ta san ainihin ƙarfin da girgiza za ta kawo, sai ta ce maka raba shi da 3.25, bisa alkawarin cewa ƙarfenka zai lanƙwasa ya sha wuya ba tare da ya karye ba. Ragin ba kyauta ba ne, a wurin walda da noti za ka biya shi.

Lissafin farko: 0.53 sau 1.5 a raba da 3.25, ya ba da 0.245. Janareto tan 7.8 kowanne kamar yadda takardar dillali ta nuna, tanki cike tan 5.1, allo tan 1.3, ƙarfen dandamalin da ragar taka ƙafa tan 11. Jimla tan 33, wato kilonyutan 324 a ma'aunin ƙarfi. Turin da zai sauka a gindi kilonyutan 79. Na kwanta da daɗin rai.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Mai zanen ginin ba ta son gicciye. Tana so a bar ƙarƙashin dandamalin fayau don motar ɗaukar marasa lafiya ta riƙa fakewa. Na fahimce ta, fili ya yi musu kaɗan.

Na gwada mata a kwamfuta. Ƙa'idar ta hana a yi amfani da gajeriyar dabarar ƙiyasta lokacin lilo ta gidaje a kan irin wannan ginin, sai an lissafa shi daga nauyi da taurinsa na gaskiya. Da gicciye, dandamalin yana zuwa ya dawo a daƙiƙa 0.15. Babu gicciye, sai ya kai kusan 0.35. Janareto a kan sifirin kuma lilonsa yana wajen 0.3. Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san abin da ke faruwa idan turin ya zo daidai da dawowar lilon. Na ce mata, "Hajiya, motar za ta samu inuwa, amma tan takwas zai riƙa rawa a kanta." Mun daidaita: gicciye a tazara biyu ta dogon gefe da kuma ƙarshen biyu, ragowar a buɗe. Motar sai dai ta nemi wani wuri.

Laraba, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin Ghana, gari ya yi tsit, na shigo ofis don in rage takardu. Sai ga saƙon kamfanin janareto da cikakken zanen injin. Ashe tan 7.8 ɗin nan nauyin injin ne tsirara: babu akwatin rage ƙara, babu mai, babu ruwan lagireto, babu ƙaramin tankin da ke cikin gindinsa. Idan an shirya shi yana aiki, tan 10.4 ne.

Da ƙarin nauyin ne kaɗai da sauƙi. Jimla ta koma tan 38.2, kilonyutan 375, turin gindi ya tashi daga 79 zuwa 92. Wannan canjin girman gicciye ne kawai.

Abin da ya hana ni cin abincin rana shi ne dokar kashi 25. Ƙa'idar ta ce idan nauyin na'ura bai kai kashi 25 cikin ɗari na jimlar nauyinta da abin da ke ɗauke da ita ba, a ɗauke ta a matsayin fasinja: a lissafa nata ƙarfin a Babi na 13, a lissafa na dandamalin daban. Idan ta kai ko ta wuce, ta daina zama fasinja, ta zama mai juya motar. Da tsohon nauyin, 7.8 cikin 33 kashi 23.6 ne. Da sabon, 10.4 cikin 38.2 kashi 27.2 ne. Mun tsallaka.

Bayan tsallakawar hanya biyu ce. Idan na'urar sandararriya ce, lilonta bai kai daƙiƙa 0.06 ba, sai a ɗauke ta kamar dutse da aka ɗaure a dandamali, a ci gaba da R na dandamalin. Janareto a kan sifirin ba dutse ba ne. To sai hanya ta biyu: a haɗa su a samfuri ɗaya, a ɗauki R mafi ƙanƙanta tsakanin na na'urar da na dandamalin. Babu layin janareto a jadawali 15.4-2, sai layin ƙarshe da ake jefa duk abin da ba a ambata ba, kuma R ɗinsa 1.25 ne. Na buga: 0.53 sau 1.5 a raba da 1.25, ya ba da 0.636, sau 375. Kilonyutan 238.

Daga 79 zuwa 238, ƙasa ba ta canza ba, tsagar Akwapim tana inda take. Takarda ɗaya ce ta zo daga dillali. Laifina ne da ban tambayi wane irin nauyi ba ne tun ranar farko. Yanzu na rubuta tambayar a jikin bangon da ke gabana.

Kuma in faɗi gaskiya, ko da tsohon lissafin zuciyata ba ta kwanta ba. Kowane janareto shi kaɗai yana ƙasa da kashi 25, amma su biyun tare sun kusa rabin nauyin duka. Girgiza ba ta karanta babi, ba za ta girgiza su ɗaya bayan ɗaya ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi ya kama, kwakwalwa ta fi aiki da safe, don haka na kai wa dattijon shawarata ƙarfe tara.

Shawarar ita ce a cire ragar ƙarfen, a zuba dekin kankare mai kaurin milimita 150. Murabba'in mita 54 ne, kusan tan 19.4, a debe tan 2 na ragar. Jimla ta zama tan 55.6, janareto ɗaya ya koma kashi 18.7. Mun dawo Babi na 13, R ya koma 3.25, turin gindi kilonyutan 133.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ka ƙara nauyi don ka rage ƙarfi. Wayo ka yi wa doka." Na ce masa ba zan musa ba, lambar ce ta fara tura ni can, amma dekin yana da dalilansa ko babu ita. Raga ba ta tare man dizal idan tanki ya yoyo, kankare mai ɗan gefe yana tarewa. Raga ba ta haɗa firam huɗun su yi aiki tare, dekin yana haɗa su kamar faifai. Kuma injin da ke kaɗawa dare da rana ya fi zama lafiya a kan abu mai nauyi. Nauyin ba a takarda yake ba, da gaske zai hana janareton juya dandamalin yadda ya ga dama.

Ya yarda da rabi. Sharaɗinsa shi ne in gina samfurin haɗe duk da haka, janaretocin biyu a kan sifirinsu a saman firam ɗin, in ga abin da zai fito. Abin da ya kamata in yi ke nan ko bai ce ba.

Ya kuma tuna mini da lambar rashin madadi. A rukunin D ana ninka ƙarfin da 1.3 sai in ka nuna cewa faɗuwar gicciye ɗaya ba za ta kassara ginin ba. Firam biyu kacal gare mu a kowace fuska, ban ma tsaya jayayya ba. 133 ta zama 173 a wurin zaɓen ƙarfe.

Talata, 26 ga Maris

Samfurin haɗe ya gama. Dandamali da dekinsa daƙiƙa 0.19, janareto a kan sifirin 0.32. Sun yi nesa da juna yadda ba za su haɗa baki ba. Ƙarfin da ya fito a gicciye ya ɗara na sauƙaƙan lissafin da kusan kashi 12 cikin ɗari, na ɗauki mafi girman. Dattijon ya sa hannu a wannan shafin.

Sai janareton kansa, wanda shi ne dalilin aikin duka. Dabarar Babi na 13 tana cewa: 0.4 sau ap sau SDS sau nauyin na'ura, sau ɗaya da ninki biyu na tsayin da take a jikin ginin, a raba da Rp bisa Ip. Na'urar da ke kan sifirin ap ɗinta, wato yadda take ƙara wa lilo ƙarfi, 2.5 ne, Rp, nata ragin, 2.0, Ip, lambar muhimmancinta, kuma 1.5 tunda dole ta yi aiki bayan girgizar. A saman dandamali, gurbin tsayin yana ba da 3. Sakamako: 1.19 na nauyin injin. Rufin da ƙa'ida ta sa shi ne 1.6 sau SDS sau Ip, wato 1.27, saura ƙiris mu taɓa shi. Injin kilonyutan 102 ne, don haka turin gefe kilonyutan 122. Ya fi nauyinsa.

Na sake bugawa da injin a ƙasa, inda yake a yau: 0.40 na nauyinsa. Ɗaga shi da muka yi don gudun ruwa ya ninka masa girgiza sau uku. Na rubuta wannan a wasiƙar da zan aika wa shugaban asibitin, ba don a fasa ba, ambaliya duk shekara take zuwa, sai don ya san abin da yake biya.

Yaron ya lura da wani abu da kansa, na ji daɗi. "Oga, ta yaya janareto ɗaya zai ja 122, dandamali duka da janareto biyu a kai ya ja 133?" Tambaya ce ta mai hankali. Ba a tara su. Ita 133 an riga an yi mata ragin 3.25, don mun yarda gicciye ya sha wuya. Ita 122 ta ƙafafun injin ce da bim ɗin da ke ƙarƙashinsu, wurin da ba mu yarda komai ya saki ba, kuma a can sama inda lilon ya fi tsanani.

Akwai wata 'yar ƙasan jadawali da ta fi shafi goma tsada. Duk na'urar da ke kan sifirin dole a yi mata dabaibayi ta kowace fuska, ƙarfe mai roba da zai bar ta ta yi kaɗawarta ta yau da kullum amma ya tare ta idan ta nemi gudu. Idan tazarar da ke tsakanin injin da dabaibayin ta wuce milimita 6, sai a ninka ƙarfin biyu, domin injin zai samu filin ɗaukar gudu kafin ya daki ƙarfen. Zanen dillali ya nuna milimita 10. Wato 244 maimakon 122. Na rubuta musu su kawo mai tazarar 6.

Sai batun tuntsurewa. Cibiyar nauyin injin tana mita 1.1 sama da ƙafafunsa, tsakanin layin ƙafafun biyu mita 1.6. Ƙa'idar ba ta barin ka dogara da nauyin duka, don ƙasa tana tsalle sama ma: 0.9 a debe 0.2 sau SDS, saura 0.79. Bayan an debe wannan, gefe ɗaya yana neman tashi da kilonyutan 43, kusan 11 a kowace ƙafa cikin huɗun da ke wannan gefen. In a kankare za a dasa notin, sai an ninka turin da 2, abin ya haura 30 a kowace ƙafa, kuma dekin milimita 150 ba zai riƙe wannan ba. Na matsar da bim biyu suka zo daidai ƙarƙashin layin ƙafafun, notin ya ratsa dekin ya kama ƙarfe.

Wakilin dillalin ya ce mini a waya, wai tan goma ba ya zamewa, su a ko'ina ajiye shi kawai suke yi. Na karanta masa sashe na 13.4: a ɗaure da noti ko walda, ba a lissafa gogayyar da nauyi yake kawowa. Ya yi shiru.

Talata, 16 ga Afrilu

An sha Sallah, an dawo. Wannan makon na tanki da bututu ne.

Tankin a cike na lissafa shi, tunda ranar da za a bukace shi a cike ake fatan samunsa. An yi masa sirdi biyu da ɗamara, an ɗaure da bim.

Bututun ne suka fi cin lokacina, ko da yake babu wani lissafi mai wuya a cikinsu. Dandamalin zai karkata kusan milimita 2 a lissafin farko, idan an ninka da 3.25 aka raba da 1.5 ya ɗan haura 4. Janareton zai ƙara nasa motsin a cikin dabaibayi. Ginin asibitin da wayoyin suke shiga zai yi nasa daban, a nasa lokacin. Duk inda bututun mai ko salansa ko babbar waya ta tsallaka daga wani zuwa wani, sai an sa tiyo mai lanƙwasa ko an bar sako-sako.

Na ba yaron labarin asibitin Olive View na Kalifoniya. Girgizar San Fernando ta 1971 ta lalata shi yana sabo. Aka sake gina shi da ƙarfi na ban mamaki. Da girgizar Northridge ta zo ranar 17 ga Janairun 1994, ginin ya tsaya daram, amma bututun ruwa suka fashe a ciki, dole aka kwashe marasa lafiya. Bayan labarin na ba shi zanen mai aikin famfo, na ce ya zagaye mini duk mahaɗar da ya ga an yi ta sandararriya. Ya samo bakwai.

Talata, 7 ga Mayu

Fandisho. A dogon gefe tazarar gicciye mita 3 ce kawai a ƙarƙashin tsayin mita 4, don haka ginshiƙin da ke gefen yana neman tumɓukewa. Da ninkin 2 da ake yi wa notin gindi, bayan an debe nauyin da ke kansa, kusan kilonyutan 125 ne ke jan sa sama. ACI 318, ƙa'idar kankare ta Amurka, Babi na 17, yana sa a ɗauka kankaren ya riga ya tsage, a kuma rage ƙarfin ɓallewarsa zuwa kashi 75 cikin ɗari saboda girgiza. Na sa noti huɗu masu kaurin milimita 24 a kowane ginshiƙi, zurfin 450, kowanne da faranti a ƙasansa, da rodi kewaye. Fandisho ɗaiɗai ba su da nauyin da zai danne, na haɗa su da bim na ƙasa.

Ɗan kwangila ya kawo samfurin notinsa: masu lanƙwasa a ƙasa kamar ƙugiya. Su aka saba da su, sun fi araha, kuma a ginin da nauyi kawai yake dannawa ba su da laifi. A ja su sama da ƙarfi, ƙugiyar miƙewa take yi ta zare. Na mayar masa.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ranar da na fi jin tsoro a kowane aiki, ranar ɗora ginshiƙi a kan notin da aka riga aka binne. Bakwai sun zauna. Na takwas, kuma ɗaya daga cikin masu gicciye, notinsa huɗu sun goce da milimita 35. Ba a sa katakon da ke riƙe su ba lokacin zuba kankare.

Kafin in iso, shugaban leburori ya riga ya sa an jawo tukunyar gas, za a faɗaɗa ramukan farantin da wuta. Wanda ya hana shi ba ni ba ne. Mai waldarmu ne, wani dattijo daga Nima da ya yi shekaru a tashar jiragen ruwa ta Tema. Na same shi zaune a kan tukunyar. Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Injiniya, ramin da wuta ta ci ba rami ba ne, baki ne. In ka ce a yanka zan yanka, amma da bakinka."

Ban ce ba. Mun auna inda notin suke na gaskiya, na koma ofis na sake lissafa farantin da ginshiƙin a goce, aka yanko sabo mai faɗi da kauri, aka huda shi da injin huda. Kwana huɗu ya ci mana. Ɗan kwangila ya yi ta ƙorafi, na bar shi ya yi.

Na kuma zauna da Baba a kan zanen mahaɗar gicciye. Ya tambaye ni dalilin da waldar ta fi abin da idonsa ya saba gani tsawo. Na ce masa mahaɗar an yi ta ne da ninki biyu na ƙarfin da ke cikin sandar, don in abu zai ba da kai, sandar ce za ta lanƙwasa, ba waldarsa ce za ta tsinke ba. Ya gyaɗa kai ya ce to wannan magana ce.

Litinin, 3 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Tsohon ɗakin injin ya sake cika, sun kwana suna zuƙe shi da famfo. Shugaban asibitin ya kira yana tambayar ko za a iya ɗora janareto ɗaya a wannan makon. Dekin kwanansa shida da zubawa. Na ce a'a.

Asabar, 22 ga Yuni

Yau shekara 85 cif da girgizar 1939. Ba wanda ya ambata a wurin aikin, ni ma sai da na zo rubuta kwanan wata na tuna.

Firam ya tsaya, an duba waldar mahaɗai, sakamakon gwajin kankaren dekin ya wuce abin da aka nema. Jiya injin ɗaga kaya ya ɗora janareton farko, notin ƙafafunsa takwas sun faɗa ramukan bim ba tare da an taɓa komai ba. Tiyo biyar cikin bakwai sun iso.

Dabaibayin ma sun iso. Na buɗe kwali ɗaya na sa ma'auni: milimita 10. Takardar da ke ciki ta ce ana daidaita tazarar da siraran faranti, amma ba a sako farantin ba. Na hana a haɗa bututun mai har sai an gyara. Baba ya ce zai yanko su daga ragowar farantin milimita 4 da ke shagonsa, in kamfanin ya yarda a rubuce. Na aika musu tun azahar.

Litinin zan koma da ma'aunin tazara. Dabaibayin guda goma sha shida ne, kowanne ta fuska biyu.